Tarihin Shigar Harsunan Duniya Cikin Manhajar Kwamfuta

Manhaja, wato jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ko wayar hannu domin ta gudanar da wani aiki, tana da ɓangare biyu: akwai wanda na'ura kaɗai take karantawa, akwai kuma wanda yake magana da mutum, wanda ya ƙunshi kalmomin da suke bayyana a allo, da yadda ake rubuta kwanan wata da adadin kuɗi, da tsarin jera sunaye, da hotuna da taswirori. Aikin sauya wannan ɓangare na biyu domin ya dace da mutanen wata ƙasa shi ne daidaita manhaja da harshe da al'ada, kuma ya fi fassara faɗi, tun da yake mai fassara yana iya kammala aikinsa daidai amma na'urar ta kasa nuna haruffan da ya rubuta. Tarihin wannan aiki bai wuce shekara sittin da 'yan kai ba, kuma abin da ya fi fitowa fili a cikinsa shi ne, harsuna sun shiga kwamfuta ne bisa ƙarfin kasuwar masu magana da su, ko matsin lambar gwamnatocinsu, ko sadaukarwar 'yan sa-kai, yawan masu magana da harshe kuwa bai taɓa wadatarwa shi kaɗai ba.

Tushen matsalar yana cikin yadda kwamfuta take riƙe rubutu. Na'urar ba ta san harafi ba, lamba ta sani, saboda haka dole a yi yarjejeniya a kan lambar da za ta wakilci kowane harafi. A shekarar 1963 hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta fitar da irin wannan yarjejeniya mai suna ASCII, wadda ta tanadi gurabe 128 kacal, kuma bayan gyaran 1967 da ya shigar da ƙananan haruffa, guraben sun ƙare a kan haruffan Ingilishi 26 manya da ƙanana, da lambobi goma, da alamomin rubutu, da wasu umarnoni na injin buga saƙo. Ƙasashen Turai sun fara da dabarar cire wasu alamomi su sa nasu haruffan a gurbinsu, ta yadda lambar da take nuna baka mai kusurwa a Amurka take nuna wasali mai ɗigo biyu a Jamus. Daga baya aka ninka guraben zuwa 256, aka kuma fitar da jerin ƙa'idojin ISO 8859 daga 1987, inda yammacin Turai yake da jadawalinsa, Girkanci da Larabci da Ibrananci da Rashanci kowanne da nasa. Illar wannan tsari ita ce, takardar da aka rubuta da jadawali ɗaya idan aka buɗe ta da wani sai ta koma tarkacen alamomi marasa ma'ana, kuma haɗa harsuna uku ko huɗu a shafi guda ya zama aikin ƙwararru.

A gabashin Asiya kuwa gurabe 256 ba su ma kama hanyar isa ba, domin rubutun Japananci da Sinanci yana buƙatar dubban alamomi. Japan ta fitar da ƙa'idarta a 1978 mai ɗauke da alamomin kanji, wato alamomin da ta aro daga rubutun Sin, sama da 6,000, ta hanyar ba kowace alama lamba mai tsawon ninki biyu, ita ma ƙasar Sin ta biyo baya da ƙa'idar GB 2312 mai alamomi 6,763. Sai wata tambayar ta taso, wato yadda mutum zai shigar da dubban alamomi da allon madannai mai maɓallai ƙasa da ɗari. Amsar da kamfanin Toshiba ya bayar a na'urarsa ta JW-10, wadda ya bayyana a 1978, ita ce mai rubutu ya buga lafazin kalma, na'ura kuma ta duba ƙamus ɗin da ke cikinta ta kawo alamar da ta dace. Wannan dabara, wadda har yau ake amfani da ita, ta nuna tun da wuri cewa wani harshen ba ya shiga kwamfuta sai an gina masa wani sashe na musamman wanda ya san nahawunsa. Larabci ya zo da nasa buƙatun: ana rubuta shi daga dama zuwa hagu alhali lambobin cikinsa suna tafiya daga hagu zuwa dama, kuma siffar harafi tana sauyawa gwargwadon matsayinsa a farkon kalma ko tsakiya ko ƙarshe. A Kuwait, Muhammad al-Sharikh ya kafa shirin Sakhr a farkon shekarun 1980, wanda ya mayar da ƙananan kwamfutocin MSX na Japan zuwa Larabci, ya kuma samar da manhajojin koyarwa da ta Alƙur'ani mai girma, har yara da yawa a ƙasashen Larabawa suka fara sanin kwamfuta da harshensu. Bayan mamayar da Iraki ta yi wa Kuwait a 1990, aikin ya koma Alƙahira.

A daidai wannan lokaci ne fassarar manhaja ta zama sana'a mai zaman kanta a Turai. Da farko kalmomin da mai amfani yake gani suna cakuɗe da umarnin na'ura a wuri guda, saboda haka duk wanda zai fassara manhaja sai ya kutsa cikin umarnin, kuma kuskure ƙarami yana iya lalata aikin gaba ɗaya. Kwamfutar Macintosh ta kamfanin Apple, wadda ta fito a 1984, tana cikin na farko da suka ware kalmomi da hotuna da girman akwatunan saƙo a wata ma'ajiya daban, yadda mai fassara zai sauya su ba tare da ya taɓa umarnin ba. Daga nan aka fara bambanta matakai biyu: shirya manhaja tun daga tushe domin ta iya karɓar kowane harshe, wanda aikin injiniya ne, da kuma daidaita ta da wani harshe takamaimai, wanda aikin mai fassara ne da mai gwaji. Birnin Dublin na ƙasar Ayalan ya zama cibiyar wannan sana'a bayan da kamfanonin Lotus da Microsoft suka buɗe rassa a can a tsakiyar shekarun 1980, saboda rangwamen haraji da kuma kasancewar ƙasar a cikin kasuwar Turai. A Jamus kamfanin Trados, wanda aka kafa a Stuttgart a 1984, ya yaɗa abin da ake kira ma'ajiyar fassara, wato manhajar da take adana kowace jimla tare da fassararta domin kada a sake biyan kuɗin fassara ta idan ta dawo a sabon bugu. A 1990 kamfanonin suka kafa ƙungiyarsu mai suna LISA, wadda ta rayu har 2011. Sai dai lissafin wannan sana'a lissafin riba ne tsantsa: Faransanci da Italiyanci da Jamusanci da Sifaniyanci da Japananci su ne sahun farko, harshen da masu shi ba sa sayen manhaja da yawa kuwa ba ya shiga jerin ko da masu magana da shi sun kai miliyoyi.

Matsalar jadawalai masu karo da juna ta sami magani ne daga injiniyoyi uku, Joe Becker na kamfanin Xerox, da Lee Collins da Mark Davis na Apple, waɗanda suka tsara jadawali guda da zai ba kowane harafi na kowane rubutu lambarsa ta dindindin. Becker ya rubuta daftarin farko a 1988, aka yi wa ƙungiyar Unicode rajista a Kalifoniya a watan Janairun 1991, bugu na farko kuma ya fito a watan Oktoba na shekarar da haruffa dubu bakwai da 'yan kai. An yi zaton gurabe 65,536 za su wadatar, amma tun 1996 aka faɗaɗa su zuwa sama da miliyan ɗaya. Abin da ya sa tsarin ya karɓu a intanet shi ne dabarar UTF-8 da Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, wadda ta bar tsofaffin rubuce-rubucen ASCII yadda suke, ta kuma buɗe hanya ga sauran haruffa.

Samun haruffa bai kawar da sauran bambance-bambance ba. Kwanan watan da aka rubuta 03/04 yana nufin 4 ga Maris a Amurka, a Ingila da Najeriya kuma 3 ga Afrilu. Bafaranshe yana sa waƙafi a inda Ba'ingile yake sa aya a cikin lamba. A Indiya ana rubuta dubu ɗari 1,00,000. Kalandar Habasha tana da wata goma sha uku. Shekarar Tailan tana gaba da ta Miladiyya da 543. Saudiyya tana da lissafin Ummul Ƙura na Hijiriyya. Domin kada kowane kamfani ya riƙa tattara waɗannan bayanai shi kaɗai yana kuskure, aka kafa rumbun CLDR a 2003, wanda ya koma hannun Unicode a 2004, kuma daga cikinsa ne yawancin wayoyi da kwamfutoci suke ɗaukar sunayen watanni da ranaku da tsarin kuɗi na kowane yanki. Lokacin da sabon sarkin Japan ya hau gadon sarauta ranar 1 ga Mayun 2019, aka shiga zamanin Reiwa, sai da Unicode ta fitar da bugu na musamman, 12.1, domin ƙara alama guda ɗaya tak.

Kurakuran da suka shafi siyasa da addini sun fi na kalanda tsada. Manhajar Windows 95 ta zo da taswirar zaɓen lokaci wadda ta nuna wani sashe na Kashmir da launin da ya bambanta da na Indiya, gwamnatin Indiya ta nuna rashin amincewa, kamfanin Microsoft ya janye kayan ya kuma cire launin iyakoki daga taswirar baki ɗaya. A farkon 2003 kamfanin ya janye wasan bidiyo mai suna Kakuto Chojin daga kasuwa bayan an gano ayoyin Alƙur'ani a cikin sautin da ke rakiyar faɗa, a 2008 kuma Sony ya jinkirta fitar da wasan LittleBigPlanet saboda makamancin wannan dalili. Waɗannan abubuwa ne suka sa manyan kamfanoni suka riƙa ɗaukar masana ƙasa da al'adu domin su duba taswira da tuta da hoto da sauti kafin kaya su fita, ko da yake ya kamata a lura cewa tsoron asarar kasuwa ne ya koyar da darasin.

Harsunan da kasuwa ta tsallake sun bi wasu hanyoyin. Ƙasar Aisalan, wadda mutanenta ba su kai 300,000 ba a lokacin, ta tsaya kai da fata a 1998 cewa sai an fassara Windows zuwa harshenta, ministan ilimi Björn Bjarnason ya jagoranci tattaunawar, aka sa hannu a yarjejeniya a 1999, fassarar kuma ta fito a 2000. A 2004 Microsoft ya buɗe shirin harsunan gida, wanda a ƙarƙashinsa ake ɗora wani ƙunshi a kan Windows na Ingilishi ko Faransanci domin ya fassara sassan da aka fi amfani da su, sauran kuma su zauna yadda suke. Hanya ta biyu ita ce ta manhajojin kyauta waɗanda kowa yake da izinin gyarawa, inda kayan aikin gettext na shirin GNU, tun daga 1995, suka ba kowane mai sha'awa damar ɗaukar fayil ɗin jimloli ya fassara ya mayar. Ta wannan hanya ce ƙungiyar Translate.org.za, wadda Dwayne Bailey ya kafa a 2001, ta fassara manhajar ofis ta OpenOffice zuwa harsunan hukuma na Afirka ta Kudu, kuma masana a Jami'ar Dar es Salaam tare da abokan aiki daga Suwidin suka fitar da Jambo OpenOffice da Swahili a ƙarshen 2004, kafin Microsoft ya fitar da nasa ƙunshin na Swahili. Swahili ya ci moriyar kasancewar Tanzaniya tana da majalisar harshe ta ƙasa, BAKITA, tun 1967, wadda take da ikon tantance sababbin kalmomi.

Labarin Hausa ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna cewa shigar harafi cikin jadawali mataki ne na farko kawai a cikin matakai da yawa. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake jagorantar hukumar talifi a Zariya, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939 ta taimaka wajen sabar wa masu karatu da su. A Nijar an ƙara da ƴ a inda Najeriya take rubuta 'y. A zamanin tafireta akan buga harafin ne a ƙara masa ƙugiya da alƙalami, abin da ya sa Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta Najeriya ta nemi a zana jerin haruffa guda na harsunan Najeriya a shekarun 1980, aikin da mashahurin mai zanen haruffa na Jamus Hermann Zapf ya sa hannu a ciki. Hukumar ƙa'idoji ta duniya ta fitar da jadawalin ISO 6438 a 1983 domin ɗakunan karatu masu rajistar littattafan Afirka, kuma haruffan Hausa suna cikin Unicode tun farkon shekarun 1990. Duk da haka an ɗauki shekaru masu yawa kafin zubin haruffan da suke zuwa tare da kwamfuta su ƙunshi zanensu, saboda haka maɗaba'u da jami'o'i suka riƙa amfani da zubi na musamman wanda ya ɗora ƙ ko ɗ a kan lambar wata alama daban. Takardun da aka buga ta wannan hanya suna kyau a kwamfutar da aka rubuta su, amma da zarar an kai su wata sai haruffan su rikiɗe, kuma rubuce-rubucen Hausa da dama na wancan zamani suna buƙatar a sake gyara su kafin injin bincike ya iya gano abin da ke cikinsu.

Wayar salula ta GSM, wadda ta fara aiki a Najeriya a 2001, ta ƙara zurfafa matsalar ta wata fuska da ba a cika ambata ba. Saƙon tes yana ɗaukar harafi 160 idan an tsaya a kan jadawalin GSM, wanda aka tsara domin harsunan yammacin Turai, amma da zarar harafi ɗaya da ba ya cikin jadawalin ya shiga, sai dukkan saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70 kawai, ma'ana kuɗin saƙo yana iya ninkawa. Turkanci da wasu harsunan Indiya sun sami jadawalai na musamman da suka rage musu wannan nauyi, Hausa kuwa ba ta samu ba, kuma madannan wayoyin farko ma ba su da haruffan. Sakamakon haka miliyoyin mutane suka koyi rubuta Hausa a waya ba tare da ƙugiya ba, suna barin mai karatu ya rarrabe ƙasa da kasa, ko ƙafa da kafa, daga yanayin jimla. Allon madannai na Hausa ya shigo Windows, manhajojin madannai na wayoyin zamani irin su Gboard ma sun tanade shi, amma sabo ya riga ya kafu, kuma har yau akwai kafofin labarai da hukumomi da suke wallafa Hausa babu ƙugiya alhali babu sauran wani cikas na fasaha da ya tilasta musu.

Fassarar manhajojin kansu ta zo a jere: ƙunshin Hausa na Windows da Office ya fito a zamanin Windows Vista, tare da na Yarabanci da Ibo, Google ya ƙara Hausa a manhajarsa ta fassara a watan Disamban 2013, Facebook kuma, wanda tun 2008 ya dogara da masu amfani da shi wajen fassara shafinsa, ya buɗe na Hausa a 2016. Rumbun CLDR ya ware Hausar Najeriya da ta Nijar da ta Gana, saboda bambancin naira da sefa da sidi, ya kuma ƙayyade cewa a jerin abajada ɓ tana bin b, ɗ tana bin d, ƙ tana bin k, sannan sh da ts kowannensu harafi ne mai zaman kansa. A nan ne masu fassara suka gamu da abin da ya fi haruffa wuya, wato nahawu. Manhajar da aka rubuta da Ingilishi tana yi wa kowa magana da lamiri guda, Hausa kuwa tana tilasta zaɓi tsakanin ka da ki da ku, kuma idan manhaja za ta ba da labarin cewa wani ya aiko da saƙo, dole ta san ko ya za ta ce ko ta. Wasu masu fassara sun zaɓi jam'in girmamawa, wasu sun koma ga sigar da ba ta ambaton mai aikatawa, kamar an aika ko a sake gwadawa, wasu kuma sun tsaya a kan namiji, abin da yake mayar da rabin masu amfani baƙi a cikin harshensu. Haka nan injiniyoyi sukan yanka jimla gida-gida su bar gurbin da za a cusa suna ko adadi, bisa zaton cewa jerin kalmomi ɗaya ne a kowane harshe, alhali a Hausa adadi yana bin abin da aka ƙirga, kuma harafin mallaka yana sauyawa tsakanin na da ta gwargwadon jinsin sunan da bai riga ya bayyana ba lokacin da ake fassarar.

Batun keɓaɓɓun kalmomi shi ma bai daidaita ba. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna aikin ƙirƙirar kalmomi, gidajen rediyo irin su sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri a 1957, sun yaɗa da yawa, har manhaja da yanar gizo da kalmar sirri suka zama na kowa. Sai dai kowane kamfani yana riƙe da jerin kalmominsa, kuma babu wata hukuma guda mai ikon da zai ratsa Najeriya da Nijar ta tsayar da magana, saboda haka umarni ɗaya yana iya zuwa da suna uku a manhajoji uku a cikin waya guda. Wannan rashin daidaito yana cikin dalilan da suke sa mutumin da ya fi jin Hausa ya bar wayarsa a kan Ingilishi ko Faransanci, domin ya riga ya haddace wuraren da yake dannawa, kuma mai gyaran waya a kasuwa da harshen Turawan zai yi masa bayani.

Rubuce-rubucen Afirka ta Yamma da ba na boko ba sun shigo a makare, amma tafiyarsu ta nuna abin da naci yake iya samarwa. Rubutun N'Ko, wanda Sulemana Kante ya ƙirƙiro a 1949 domin harsunan Mande, ya shiga Unicode a 2006. Rubutun Adlam na Fulfulde, wanda 'yan'uwa biyu Ibrahima da Abdoulaye Barry suka ƙirƙiro suna yara a Gini a ƙarshen shekarun 1980, ya shiga a 2016 da taimakon shirin rajistar rubuce-rubuce na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma cikin shekara uku ya sami zubin haruffa da madannai a Windows. Ajamin Hausa, wanda ya girmi boko nesa ba kusa ba, ya shigo ne kaɗan-kaɗan, domin an ɗauka cewa haruffan Larabci sun wadatar da shi: ɗigon imala da wasu haruffan Afirka sun shiga a 2005, siffofin fa da ƙaf da nun na ruwayar Warshu a 2016, wasu haruffa masu ɗigo uku da Hausa take buƙata kuma a 2020. Ƙungiyar SIL ta zana zubin haruffa mai suna Alkalami bisa salon rubutun hannu na Kano, irin wanda almajirai suka saba gani a allo da bugaggun littattafan kasuwa, da wani mai suna Harmattan domin yankin baki ɗaya. Abin da ya rage wa ajami shi ne irin matakan da boko ya bi a baya: ƙa'idar rubutu da malamai za su amince da ita, da madannai da za su zo tare da waya ba sai an nemo su ba, da kuma manhajojin bincike da gyaran rubutu da za su gane cewa kalmar da aka rubuta da ajami da wadda aka rubuta da boko kalma ɗaya ce.